Gorubar da Ke Kwana a Ƙasan Kula

Akwai wata mata a bayan kasuwar Yelwan Yauri da ke haɗa lemon gida, irin wanda ake ɗurawa a gorar roba a sa a ƙanƙara. Kowa mai zoɓo yake ce mata, duk da cewa zoɓon abu ɗaya ne kawai cikin abubuwan da take yi. Tana yin kunun aya, tana yin lemon citta, tana yin lamurje, sannan tana yin lemon goruba. Hannunta yana da daɗi, wannan ko wanda suka yi faɗa da ita jiya ba zai musa ba. Aibinta ɗaya ne. In dozin kake so, ba ka da ta cewa. Ita za ta ɗebo maka daga kowane iri, ta ɗaure a leda, ta miƙo maka. Haɗi take kiransa, kuma a cikin kowane haɗi sai ka tarar da gora biyu ta goruba.

Maigidana gyaran injin jirgin ruwa yake yi a bakin kogi, hanyarsa ta dawowa gida kuma ta ƙofar matar nan ta bi. Wani azumi da ya faɗo cikin bazara ya fara shigo mana da haɗinta don buɗa baki. Azumi ya wuce, salla ta wuce, haɗi bai wuce ba. Ya zama al'adarsa, in dai ana zafi, zai shigo da yamma hannunsa baƙi ƙirin da man inji, leda tana ɗigar ruwa.

A kan ledar nan mun daɗe muna ja-in-ja da shi. Ni ɗinki nake yi a gida, ni ce ke ganin yadda abin ke ƙarewa. Kafin ya cire takalmi yara sun yi wawar zoɓo da kunun aya, har da kuka da yaƙushi. Citta tasa ce, ba mai taɓa masa. Lamurje ni nake sha, ko in ba wata mai kawo ɗinki in ta zauna. Goruba kuwa sai ta nutse ƙasan kula ta yi zamanta. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya yi ɗumi, gorar ta kumbura, in na buɗe ta yi mini tsaki. In kai ta bakin kwata in tsiyaye, in wanke gorar, a mayar wa mai ita ta sake ciko mana wata. Launinta ma ba ya taimakonta, kamar ruwan Kwara da damina. Ga ɗan bauri da take bari a harshe. Na ɗanɗana sau ɗaya na ce na gode.

Nakan ce masa, “Malam, don Allah mi za ya hana ka sayo abin da aka sha? Kai dai ka cika son haɗin gambiza.”

Shi mutum ne da ba a iya faɗa da shi, don ba ya tayawa. Sai ya ci gaba da wanke hannu da omo, ya ce, “Gida mai baki da yawa, kowa da nashi. Kuma ba ki san wanda za shi shigo ba.”

“Baƙon ga mai shan goruba, tun yaushe muka jiran shi?”

Sai ya yi dariya ya ɗauki cittarsa.

Har tattaki na taɓa yi zuwa wurin mai zoɓon, na ce bari in gyara abin daga tushe. Na same ta a zaure tsakanin manyan robobi, tana tace aya da farin ƙyalle. Na gaishe ta da ladabi, na yabi hannunta, sannan na ce a riƙa ba mu zoɓo da kunun aya zalla. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce in ta bar mutane suna zaɓe, kafin azahar zoɓo ya ƙare, a bar ta da sauran tana kallo. Na ce to gorubar fa, tunda ba a sonta, me ya hana ta daina?

Ta ce, “Ƙanen mijina shi ka kawo min ita daga Shanga, buhu guda, kyauta. In zubar?”

Na ce, “A'a, ki dai dafa ta, ki sa mata sukari, ki aiko min ni in zubar maki.”

Ta dube ni, na dube ta. Muka rabu ba tare da ta ce in gai da gida ba.

Haka ake ciki har shekarar da Baba ya rasu.

Mu mutanen bakin tafki ne, wani ƙaramin ƙauyen masunta a ƙasar Ngaski. A can aka haife ni, aure ne ya kawo ni Yelwa. Ni ce ’yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. “Ke” take ce mini, in kuma tana magana da wani a kaina, sai ta ce “yarinyar ga”, ko da na haifi ’ya’ya na aurar da ƙanne. Mace ce mai ƙarfi. Ita ke feɗe kifi, ita ke bandarsa, ita ke juya shi a kan wuta da hannu ba tsinke, hayaƙi ya cika mata ido ba ta ko tari. Ban tashi na ga Inna a kwance da rana ba.

Bayan ta fita takaba sai zazzaɓi ya kama ta. Ƙanena da ke zaune da ita ya gwada abin da ake samu a ƙauye, bai yi ba, ya ɗauko ta ya kawo mana. Aka kai ta asibiti, aka yi allurai, aka ba da magani. Zazzaɓin ya sauka. Amma Inna ta daina cin abinci.

Ba wai tana ci kaɗan ba. Ta dai daina. Za ta kurɓi ruwa ta haɗiye ƙwaya, ta ɗan tsakuri abin da aka ajiye mata don kada a ce, ta ture kwano. In na matsa, kalmominta ba sa canzawa.

“Na ƙoshi. Ki ba yara.”

Babu abin da ban yi ba. Na yi farfesun kifi ragon ruwa da kayan yaji, wanda ƙamshinsa sai da ya sa maƙwabciyata leƙo katanga. Na dama kunun gyaɗa. Na tare Bafillatana tun daga bakin hanya na sayi kindirmo mai kyau na dama fura. Na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka, irin yadda ita ta koya mini. Maigidana ya shigo da madarar gwangwani da lemon kwalba da tsire mai zafi a takarda, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba gaishe ta, ya ce, “Inna, ga wannan ko za ki taɓa.” Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sa masa albarka mai tsawo. Yana fita ta ce in ba yara.

Da muka koma asibiti likita ya duba idonta, ya ja fatar hannunta ya saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya kira ni gefe. Ya ce ciwon da aka kawo ta da shi ya tafi, amma in ba ta ci ba ta sha ba, sai a kwantar da ita a riƙa ƙarin ruwa, kuma ƙarin ruwa ba abinci ba ne, mai shekarunta ba ya daɗewa a kansa. Bai faɗi sauran ba, ban kuma tambaya ba.

Akwai wani awarwaro na ƙarfe da Inna ke sawa tun ina yarinya, wanda da sai da sabulu yake fita. Na ga ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, awarwaron ya zame ya tafi har gwiwar hannu. Na tashi na shiga madafa na yi kuka. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske. Ƙasar kabarin Baba ba ta gama kwantawa ba, ga Inna tana bin bayansa a gabana, a cikin gidana, tukunya cike da abinci. Har tsawa na yi mata rannan, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Na ce, “Inna, so kike ki mutu ki bar mu?” Ta dube ni kawai, ta juya fuska bango.

Wata ranar da la'asar, ana zafin nan na Yauri da ko inuwa ba ta da sanyi, ba wuta tun safe, na shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ko za ta sami iska. Ni kuma na jawo kula zan wanke. Kamar kullum, ga gora biyu ta goruba suna yawo a cikin ruwan ƙanƙarar da ta narke. Ba su kai ga tsami ba, amma na san inda za su ƙare, kuma ba ni da zuciyar jira. Na tsamo su na nufi bakin kwata.

“Ke.”

Na tsaya.

“Ina za ki da su?”

“Zubar da su za ni yi, Inna. Goruba ce, ba mai shan ta gidan ga.”

“Zubarwa?” Ta dafa ƙasa ta tashi zaune, ita da sai an tallafa ta. “Abin da anka dahwa, anka sa ma sukari, mutum ya tsaya ya tace da hannunai? Ku mutanen birni ba ku jin tsoron Allah? Kawo su nan.”

Rabon da in ji wannan muryar tun Baba na da rai. Na kai mata. Ta buɗe gora ɗaya, ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa. Ni kuwa na koma bakin kula na yi kamar ina wanki, ina kallonta ta wutsiyar ido, ko numfashi mai ƙarfi ba na so in yi. Da kaɗan da kaɗan ta shanye ta tas, har tana girgiza gorar don abin da ya kwanta a ƙasa. Ɗayar ta ajiye kusa da matashinta. Kafin magariba ita ma ta tafi.

Murna ta hana ni tunani. Nan da nan na yanke hukunci: ashe Inna goruba take so. Na tuna itatuwan goruba da ke bayan ƙauyenmu, na ce ai shi ke nan, ɗanɗanon ƙuruciyarta ne ya dawo mata. Maigidana ya shigo na tare shi tun daga zaure da labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Alhamdulillahi, sannan ya kasa haƙuri.

“To ga baƙon da muka jira ya zo.”

Na ce ya faɗi duk abin da yake so, yau ranarsa ce.

Washegari na yafa mayafi na koma wurin mai zoɓo. Ban manta yadda muka rabu ba, ita ma ba ta manta ba. Da na ce goruba zalla nake so, kula guda, sai da ta ajiye ludayi ta tafa hannu.

“Ke? Mai zubar min da goruba? Kwatar gidanku ta ƙara jin ƙishi?”

Na haɗiye. Na gaya mata halin da ake ciki. Tun ban gama ba fuskarta ta canza. Ta ce uwa ai ba wasa ba ce, ta ce in je, zuwa azahar in aiko. Matar da ba ta karya dokarta don kowa ta jiƙa goruba tukunya guda, ta tace ta da kyau, ta sa mata dabino da ’yar kanumfari, ta daskarar. Ban taɓa mantawa da wannan ba.

Na jera gorunan a kan babban faranti, na ɗauko kofin gilas na cikin kabad wanda sai baƙi, na kai gaban Inna ina ta fara'a.

Ta dubi farantin. Ta ce, “Wa ka shan wanga duka?”

“Naki ne, Inna. Don ke anka yi shi musamman. Malam ya ce kullum za a riƙa kawo maki.”

Ta ture farantin gefe. Sannan ta ja mayafi.

“Na ƙoshi. Ki ba yara.”

Ko ɗigo ba ta sha ba, ranar ko washegarinta. Na rasa inda zan sa kaina. Ga kula cike da abin da ba mai sha, ga tsohuwa ta koma gidan jiya. Haushi ya cika ni har na rasa wanda zan ji wa, ita, ko mai zoɓo, ko bishiyar goruba. Maigidana wannan karon bai yi tsokana ba. Ya kwashi gorunan ya tafi da su bakin ruwa ya raba wa masu jirage.

Abin da ya buɗe mini ido ƙaramin abu ne. Da rana yara sun ci tuwo sun tashi, ƙaramarsu ta bar ’yan loma a kwano, duk ta dagula su da miya. Na shiga ɗaki ɗauko zare, na fito, sai na ga Inna ta miƙa hannu ta jawo kwanon nan. Tana suɗe shi da yatsa, tana ƙunƙuni a kan yaran zamani. Kusa da ita kuwa ga nata kwanon, mai murfi, da tsokar kifi a sama, ko buɗe shi ba ta yi ba.

Na tsaya riƙe da zare, sai ga bakin tafkinmu ya dawo mini. In jirgin Baba ya dawo da safe, akan zube kifi a kan tabarma a ware. Giwan ruwa da manyan tarwaɗa na ’yan kasuwar Yelwa ne. Matsakaita na banda. Abin da ya rage, ƙanana da waɗanda komar kamun kifi ta farfasa, shi ne na tukunyar gida. In an dafa, Baba ne farko, sai mu. Inna ta ƙarshe, ta haɗa kawuna da ƙanzo da abin da muka bari, ta zauna bakin murhu ta ci. Ina yarinya na ɗauka kan kifi take so, har nakan ajiye mata nawa ina jin na yi abin kirki. Na bincika iya tunanina, ban samo rana ɗaya da na ga an zuba wa Inna kwano na farko ta ci ba.

Yanzu kuma ga ta a gidan suruki. A wajenmu mace ba ta sakewa ta ci abincin mijin ’yarta, ko da lafiyarta, balle ’yar fari. Ga mijinta ya mutu, ba ta bandar kifi, ba ta kawo komai. Duk abin da aka sayo don ita, a idonta nauyi ne ta ɗora wa ɗan mutane. Ni kuma kullum sai na ƙara mata da cewa Malam ne ya sayo, don ke aka yi, ina tsammanin daɗi nake sa ta ji. Abin da za a zubar ne kaɗai ba nauyin kowa ba. Shi in ta ci, taimako ta yi.

Da yamma na ce wa maigidana ya koma sayo haɗi, yadda yake, da gorubarsa biyu. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya bari sai na gama. Na zayyana masa komai. Ya ce, “Allah sarki Inna.”

Daga nan gidanmu ya koma gidan almubazzarai. Kullum da la'asar zan jawo kula tsakar gida, inda za ta gan ni, in tsamo goruba in kama hanyar kwata ina mita. Ba na kai rabin hanya sai in ji “Ke. Kawo nan.” Da na ga abin ya kama, sai na faɗaɗa shi. Na koma wurin mai zoɓo na ce ta ƙara kunun aya a haɗinmu, don ya fi riƙe ciki. Ta yarda, har tana ba ni shawarar in riƙa cire masa murfi in ɗan rage, don ya yi kama da wanda aka sha aka bari. In ɗauko shi in shinshina, in ce da ƙarfi, “Wanga ya kusa tsami, wa za ya sha?” Ka ji “Kawo nan.”

Abinci ya fi wuya, don ’ya’yana ba su gaji barin nama a kwano ba. Sai da na tara su a madafa na yi musu bayani, na kuma yi alkawarin duk wanda ya bar tsoka zai tarar da madadinta a bayan tukunya. Suka iya abin har suka wuce gona da iri, sai da na ce su rage. Maigidana, mutumin da ke cin kifi ya bar ƙaya fes kamar an wanke, ya koma cin gefe-gefe ya bar tsakiya, ya shafa ciki ya ce yau zafi ya hana shi ci. In na ɗauke kwanon sai in bi ta gaban Inna ina cewa ni dai na gaji da dafa abin da kaji za su cinye.

Inna kuwa ta samu aiki. Tana ci tana yi mana faɗa. Ta ce ba ta taɓa ganin gidan da ake wulaƙanta abinci irin wannan ba. Ta ce a ƙauye in ruwa ya hana fita kamun kifi, abin da muke ba kaji shi ne na mutum uku. Ta ce ban iya tarbiyya ba, ita ba haka ta rene ni ba. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, “Gaskiya ne, Inna, ki yi haƙuri.” Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Kowace kalma tana fitowa da ƙarfin da ba ta da shi jiya.

A hankali ta fara tashi da kanta ta yi alwala. Ta fara karɓar faifai tana tsince mini shinkafa. Wata safiya na fito na tarar ta share tsakar gida, tana tsaye tana duban bandar maƙwabta ta saman katanga, tana cewa wutar ta yi yawa, za su ƙona kifin. Da muka koma asibiti likita ya ja fatar hannunta ta koma nan take. Ya tambaye ni me muka ba ta. Na ce goruba. Ya dube ni kamar mai jiran ƙarin bayani, na ce masa labarin yana da tsawo.

Da hadari ya fara haɗowa ta gabas, Inna ta ce gida za ta. Matar ƙanena na da tsohon ciki, kuma ita ba ta yarda da yadda yarinyar ke juya kifi ba. Ban so ba, amma na san tafiyar alamar lafiya ce. Maigidana ya samar mata wuri a jirgin wani da yake gyara wa inji, ranar kasuwa, in masu jirgin sun sayar da kayansu za su koma.

Muka raka ta bakin kogi da hantsi. Ana ta lodin buhuna da jarkoki da kwanduna, masu babur suna ta hon. Maigidana ya tafi ya shimfiɗa mata buhu inda ruwa ba zai fantsamo ba. Ni kuma na zaro gora biyu ta goruba daga cikin mayafina, masu sanyi, zan tura a jakarta.

Na ce, “Inna, ga waɗanga, sun rage jiya. In kin bar su zubarwa za a yi.”

Ta dube ni. Awarwaron nan yana zaune a wuyan hannunta inda ya saba. Sai na ga bakinta yana motsi irin na mai danne dariya.

“Ke. Kina tsammanin ban gani ba?”

Hannuna ya tsaya a bakin jakar.

“Gidan da ba a barin ko ƙaya, rana ɗaya kowa ya koyi ƙoshi? Mijinki da ka lashe kwano, shi bar tsakiyar kihi? Ɗiyanki suna barin nama suna kallo nai kamar su yi kuka?”

“Inna…”

“Tun hwarko na gane. Nag ga kina ta kai da kawowa da gora cikin rana, kin rame, idonki ya zurma. Nac ce bari in taimaki yarinyar ga in sha, kada ita ma ta kwanta.” Ta gyara ɗaurin jakarta. “Goruba kuwa, ni tun ina yarinya ba ta dame ni ba. Bauri gare ta.”

Dariya da kuka suka taho mini tare, a tsakiyar mutane, ina riƙe da gora a kowane hannu. Ta miƙo hannu ta karɓe su.

“Kawo. Tunda kin ce sun rage.”

Inna ta yi shekaru masu kyau bayan wannan. Ta yi wa jaririn ƙanena wanka, ta ga auren babbar ’yata, ta ci gaba da tsaya wa mutane a kan banda har ƙafa ta gaza. Duk bazara takan zo mana ta yi ’yan kwanaki, mu kuma mu koma barin abinci a kwano, ta sani, mun san ta sani, ba mai cewa komai. Da lokacinta ya yi, a ɗakinta ta cika, a ƙauyenta, da cikinta a ƙoshe. Na gode wa Allah a kan waɗannan shekarun, don na ga ranar da na fid da rai da su. Na gode wa mutumin da ya yi ta sayo abin da nake zubarwa bai taɓa fushi ba. Na kuma gode wa matar nan mai taurin kai, wadda da ta saurare ni tun farko, da ba a sami komai a ƙasan kula ba rannan.

Mata masu kawo ɗinki sukan tambaye ni ko haɗin mai zoɓo yana da amfani, ko gara mutum ya sayi abin da ya sani. Gaskiya nake gaya musu. In ke kaɗai ce, kin san abin da kike so, sayi abinki. Haɗi dole ya bar saura, a kan wannan har yau ban janye ba. In suka ce to me ya sa gidana ba a rabuwa da shi, sai in ce su miƙe hannu in auna.

Bazarar farko bayan rasuwarta, mai zoɓo ta aiko a gaya mini cewa ni dai ta yarda, in zaɓi abin da nake so, ta cire mana gorubar. Na aika mata da godiya, na ce ta bar haɗin yadda yake.

Ranar da la'asar na jawo kula tsakar gida. Hannuna ya tsamo gora biyun, ƙafata ta kama hanyar kwata da kanta, har bakina ya fara mitar da ya saba. Na kai rabin hanya na rage tafiya, inda akan kira ni. Na kai har bakin kwatar. Tsakar gida shiru, sai kaji.

Na daɗe a tsaye. Sannan na dawo gindin darbejiya na zauna, na buɗe ɗaya na kafa kai. Baurin yana nan yadda na san shi. Na shanye, na girgiza gorar don abin da ya kwanta a ƙasa, na ajiye ɗayar zuwa magariba.